Kududdufin Bayan Gidana

Shekara da shekaru ana cewa kududdufin da ke bayan gidajenmu a unguwar Dubeli ta Jimeta ba zai taɓa cikuwa ba. Dattawan da muka tarar sun faɗa, magina ma sun faɗa. Daga cikinsa aka haƙi ƙasar da aka gina unguwar, kuma al'adarmu ita ce kowane mai gini ya karkata tsakar gidansa da magudanarsa zuwa can, domin ruwan damina ya gangara ya kwanta. Ni ma da na ajiye aikin koyarwa, haka na sa aka gina nawa gidan, wanda na yi nufin in ƙare kwanana a cikinsa.

Wata shekarar zaɓe, wani matashi mai neman kujerar kansila ya zo majalisarmu ta gindin darbejiya. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe mu. Ban raina maganarsa a lokacin ba, yau ma ban raina ta ba. Ya ce Jimeta tana ta cika, haya ta fi ƙarfin malamin firamare da mai tuƙa keke, 'ya'yanmu suna aure suna ƙaura zuwa bayan gari. Shawararsa ita ce a cike kududdufin, a gina ɗakuna masu sauƙin haya, a dasa itatuwa, sauro ma ya rasa masauki.

Na ce, “Ɗana, ruwan fa? Ina za shi?”

Ya ce, “Bappa, kwalbati za a yi, babba, har kogi.”

Maƙwabcina, tsohon ma'aikacin asibiti mutumin Numan, wanda ba ya barin magana ta wuce shi, ya ce, “To, a fara da kwalbatin mana. Ko shi ruwan ma ya yi maka alkawarin ƙuri'a?”

Aka yi dariya, har da ɗan takarar. Ya ce, “Baba, ku dai ku ba ni, ku gani.”

Muka ba shi. Ya kuwa cika rabin maganarsa, abin da ba kowa ke yi ba. Tifofi suka yi ta juye jar ƙasa, ina tsaye a ƙofata na ga ta ƙarshe. Ɗakuna suka tashi a jere. Kwalbati aka ce sai kasafi na gaba. Sabon filin kuwa ya fi dandamalin gidajenmu tudu.

Da damina ta sauka, ruwa ya bi magudanata kamar yadda ya saba, ya tarar da bangon siminti, ya juyo. Muka kwashe shi da bokiti, ni da uwargidana. A damina ta biyu ginin ƙasa ya jiƙa tun daga tushe. Ɗakinta ya zube da rana tsaka tana kasuwa. Sauran ɗakunan suka bi shi kafin kaka.

Kansilan ya zo jaje, ya sake durƙusawa, ya kuma samo mana ɗaki ciki da falo a sababbin gidajen. Hayar da sauƙi, wannan gaskiya ce. Ta taga ina hango kangon gidana, ruwa ya kwanta a inda nake shimfiɗa buzun salla, kwaɗi suna kuka a ciki. Yaran unguwa yanzu shi suke kira kududdufi.

Masu jaje suna ambaton ranar da ɗakin ya faɗi. Ni ba ita nake so a rubuta ba. A rubuta ranar da tifa ta ƙarshe ta juye ƙasarta, jama'a suna tafi: Alhamis ce, jajibirin Babbar Salla.