Baba Ndakotsu da Ƙarfen Motar Tsado

"Ka liƙa shi kawai, Baba! Tsagewa ce ƙarama."

"Ba zan liƙa ba."

"To uwata ta mutu a Kagara kenan?"

Tsado direba ke ihun, a rumfar walda ta Baba Ndakotsu da ke unguwar Maitumbi a Minna. An bugo masa waya cewa jikin tsohuwarsa ya rikice, sai an kawo ta asibiti Minna. Motarsa kuwa irin mai famfon da ke cusa wa inji iska ce, kuma mariƙin famfon ya tsage. Ya zaga 'yan gwanjo, babu irinsa. Ga azahar ta wuce, hanyar nan kuma ba a son yamma ta riski mutum a kanta.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wannan ba ƙarfe ba ne, gorar ruwa ce, ba ta riƙe wutar walda. Za ta sake ka a tsakiyar daji, da tsohuwa a baya. Miƙo min kwalin can."

Mu 'yan layin muna tsaye ya yanka kwali, ya ɗora a jikin inji, ya danna ramukan noti da babban yatsa. Idonsa ya daɗe da raunana saboda hasken walda, yatsun ne ke gani. Ya fitar da siffar a kan ƙarfe mai kauri, ya huda, ya ɗiga wuta kaɗan kaɗan. Sannan ya ja zare don ya ga ko bel ɗin da ke juya famfon zai tafi daidai. Ashe ƙarfen ya karkace. Kaɗan ne, ni ban ma lura ba. Ya fasa ɗigon ya sake.

Tsado ya dafe kai. "Baba, kashe ni za ka yi?"

"In bel ya zame, kai da jaki ɗaya. Yi min shiru."

Da ya gama, aka tayar da mota, ba kaɗawa, ba ƙara. Sai ya wanke hannu, ya buɗe ƙofar gaba ya zauna. Tsado ya ce ina zuwa? Ya ce Kagara. Haka yake tun kafin a haife mu: ƙarfen da ya ƙera wa mota, da shi kansa ake tafiyar farko. In ya karye, ya karye da shi a ciki.

Mun zauna a rumfar muna jira. Wayar Tsado ba ta shiga. Ana kiran magariba suka shigo gari, tsohuwa na numfashi. Tana nan da ranta har yau.

Baba, kai ne ka ƙi faranta wa mutum rai don ka tsare masa uwa. Maƙerin da ba ya aika ƙarfensa inda shi ba zai je ba. Ba allo a rumfarka, ba wanda ya taɓa ba ka lambar yabo. Mun gode. Allah Ya saka, Ya bar maka sauran ganin da ya rage.

Ku kuma masu liƙe tsaga ku shafa baƙin fenti, ku dube shi ku ji kunya.

Juma'ar da ta wuce ya ajiye aiki, likita ya hana shi kallon wuta. Masu walda na layin suka taru, kowa na son injin waldarsa. Ya ce duk wanda ya ɗauka, da sharaɗin tafiyar farko zai ɗauka. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Cikinku wa zai shiga motar?"