Sheƙar da Ke Kan Darbejiyar Inna

Shekarun baya, lokacin ostariti, zamanin tsuke bakin aljihu, masaƙar da nake aiki a Kano ta rage ma'aikata, na tattara na koma ƙauyenmu Durun. Ban dawo da komai ba sai wandon birni guda biyu da bakin ba da shawara.

Na tarar da mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya nisa. Da safe ƙanwata kan shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, a nan take yini.

A nan ta nuna min wani tsuntsu. Jikinsa bai kai na gwara biyu ba, amma bayansa ja ne kamar jan ƙasa, kansa baƙi mai sheƙin shuɗi, ga shuɗin zobe kewaye da ido. Namijin na da doguwar jela mai rausaya kamar zare. Ba ya cin hatsi. Yakan yi tsit a reshe, da ƙuda ya gifta sai ya zabura ya cafke shi a iska, ya koma mazauninsa. Inna ta ce da damina suke zuwa, idan ruwa ya ɗauke sai su ɓace.

Tsakiyar damina rufin ɗakinta ya rufta ta gefe guda. Kuɗin katako ya gagare mu, sai na ɗauko magini daga Kabo, ya duba ya ce babban reshen darbejiyar zai isa. Ya ɗaga gatari kenan Inna ta ce, "Malam, dakata."

Ta dube ni. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kama sunana ba. "Kai wannan, ɗaga kanka."

Sheƙa ce ƙarama kamar kofin shayi, an ɗaure ta da yanar gizo a mararrabar reshen. Namijin ne kwance a ciki, jelarsa na reto a waje.

Na ce, "Inna, ruwa na zuba miki a ɗaki. Saboda tsuntsu?"

Ta ce, "Ni ina da zaure. Su ina za su kai ƙwai? Ku bari su tashi."

Na kawo duk hujjojin da na koyo a birni, ko ɗaya ba ta ci ba. Muka mayar da shimfiɗarta zaure.

Tana kallo aka ƙyanƙyashe. Uwa da uba suna ta jigilar ƙwari, ita kuma tana yi musu sannu kamar maƙwabta. Ranar da na ƙarshen 'ya'yan ya tashi, ta ce min, "To, yanzu kira maginin."

Kafin ya samu zuwa, jikinta ya rikice. Ranar Alhamis da hantsi Allah ya yi mata rasuwa. Da aka nemi itacen rufe kabari, reshen nan muka sara.

Na daɗe ina tambayar kaina ko sanyin zauren ne ya ƙara mata ciwo. Ban sani ba, kuma na daina neman sani. Abin da na gani da idona shi ne, a makonnin nan ba ta taɓa ambaton ƙafarta ba, hankalinta na kan waɗanda suka fi ta rauni. Yanzu na haura shekarun da ta rasu tana da su, amma har yau idan na ji nauyin jikina ya fara mayar da ni mai ƙorafi, ita nake jin kunya. Allah ya jiƙanta da rahama.