Sun Wanke Muryar Baffa

Jiya Baffa ya cika shekara da rasuwa, sai ƙanena ya turo mini muryarsa ta waya. Ashe kaset ɗin saƙon da marigayin ya aiko mini ina ci-rani ya kai wa mai tura waƙoƙi a kasuwar Goronyo, aka juye a memori. Har da alfahari: "An wanke ta tas, Yaya, babu ƙara ko kaɗan."

Na saurara, takaici ya kama ni. Ina ƙugin injin ban-ruwan albasa? Ina tarinsa? Ina Inna da ke kiransa shan fura? Duk sun kankare, sun bar mini murya sumul kamar ta mai karanta labarai.

Na tuna wani hantsi a Kwargaba, a gindin darbejiya. Baffa ya hure ƙurar kaset ɗin da wansa ya aiko daga kudu, ya juya shi da biro don tattalin batir, ya sa a rikoda. Can sai ya tsayar.

"Mi kaka ji bayan muryatai?"

"Shuuu kawai, Baffa."

"Sake saurare. Akwai mai ce mai sannu. Kwance shike, ɓoye muna shika yi."

Washegari ya hau motar kudu, ya tafi duba wansa.

Na tambayi ƙanena ina kaset ɗin. Wai mai shagon ya jefar, tunda aikinsa ya ƙare. Tir!

Allah ya sanyaya makwancinka, Baffa, ya haɗa mu a Aljanna in sake jin muryarka yadda take, har da tarin.