Amsar da na ba Yaya Bukar ba tare da na dubi allura ba

Da kakar bana Yaya Bukar ya cika shekara talatin da huɗu a kabari. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ya girme ni da shekara goma sha biyu. A Nguru yau, in ka ce Bukar mai rediyo, ba na jin za ka samu mutum uku da za su ɗaga kai. Waɗanda suka san shi sun bi shi ɗaya bayan ɗaya, an bar ni ina zaman ƙofar gida, ina amsa gaisuwar mutanen da ban san iyayensu ba.

Kwanakin baya na kai wayata gyara kasuwa. A kan teburin mai gyaran na ga wani ɗan akwati mai jajayen lambobi da abin murɗawa. Ya maƙala wa wayar wayoyi biyu, ya riƙa murɗawa a hankali. Na tambaye shi aikinsa. Ya ce, "Baba, wuta yake bayarwa daidai yadda ake so, ko kaɗan ko da yawa. In ma an yi kuskure, da kansa yake yankewa." Na ce masa Allah ya yi albarka. Ban gaya masa cewa na san kakan wannan akwati ba, kuma a ɗakina yake kwana.

Yaya ya koyo aikin rediyo ne a soja. Da ya dawo, ya kama wata rumfa kusa da tashar jirgin ƙasa, a shekarun ƙarshe kafin Turawa su tafi. Lokacin ba wutar lantarki a gidajen mutane. Rediyo da batir yake aiki, batirin kuma sai jirgi ya kawo daga Kano, zafin garinmu ya cinye shi kafin wata ya zagayo. Mai gyara ba zai riƙa fasa sabon batir don gwaji ba. Sai Yaya ya haɗa akwatinsa na katako. Ya jera tsofaffin batiran mota a ƙarƙashin tebur, ya naɗe siririyar waya a jikin wani bututun yumɓu, ya sa ɗan ƙarfe mai zamewa a kai, ya ciro agogo mai allura daga wata matacciyar mota. A gaba akwai dunƙulen katako da muke kira kunne. In ka murɗa shi dama, allura ta hau, wuta ta ƙaru. In ka murɗa hagu, ta sauko har ta kwanta. Kwanciyar nan ita Yaya yake kira gida.

Dokarsa ɗaya ce: ba a maƙala waya sai allura tana gida. Rediyon wancan zamani kwalabe ne a cikinsa, kowace da zare siriri kamar gashi, wuta 'yar kaɗan yake ɗauka. Yaya yakan ce wuta kamar ban ruwan albasa ce a bakin kogin Gashuwa, da kaɗan-kaɗan ake buɗe wa fangali, in ka sake ta gaba ɗaya sai ta tafi da shukar.

Mu biyu muke aikin. Ni lokacin na yi aure, har da 'ya ɗaya. Shi hannunsa da idonsa suna cikin rediyo, ni ina gaban akwati, don fuskar agogon wajena take kallo. Ya ce ƙara, in ƙara. Ya ce tsaya, in tsaya. Idona shi ne idonsa.

Wata ranar kasuwa da hantsi, wani direba ya kawo fitilar motarsa, na murɗa kunne har ƙarshe na gwada masa, ya tafi. Ban mayar ba. Ana haka sai ga Alhaji Gambo, babban mai fataucin busasshen kifi daga Gashuwa, da mutanensa, an sauke rediyonsa daga mota a naɗe cikin bargo. Ba a taɓa kawo mana irinsa ba. A zaurensa mutanen unguwarsu suke taruwa jin labarai.

"Malam Bukar," in ji shi, "an ce in kai Kano, na ce a'a, muna da namu. Ka san mu Badawa ba ma yarda da ku Manga, amma yau zan gwada."

Yaya ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, ai in dai ba warin kifi ne ya toshe shi ba, kafin azahar zai yi magana."

Mutane suka cika rumfa. Ni kuwa na tsunduma ina yi wa Alhaji bayanin akwati, ina nuna kamar da ni aka ƙirƙiro shi. Daga bayan rediyon na ji muryar Yaya: "Sale, tana gida?"

Na ce, "Tana gida, Yaya." Ko waiwayawa ban yi ba.

Kwalaben biyar suka yi haske lokaci guda, fari fat, suka mutu. Wani ɗan ƙauri ya tashi. Yaya ya miƙe, ya zagayo, ya dubi allura a tsaye can ƙarshe, ya dube ni. Ya sa hannu ya mayar da ita. Sannan ya cire hularsa ya ce, "Alhaji, kuskurena ne. Ka yi haƙuri."

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce a naɗe masa kayansa. A bakin rumfa ya ce, "Ashe gaskiyar masu cewa Kano ne."

Magana zarar bunu ce. Kafin mako biyu, daga Jajimaji har Machina an ji cewa akwatin Bukar yana cin rediyo. Direbobi suka mai da shi abin ba'a, in mota ta ƙi tashi sai su ce ko Bukar ya taɓa ta. Masu rediyo a ƙasarmu duka ba su da yawa, kuma duk sun san juna. Suka koma ba ma'aikatan jirgi saƙo zuwa Kano. Muka yi wata da watanni muna zaune, allura tana gida, ba abin maƙala mata.

Kuskuren murɗa kunne kowa yana iya yi. Wanda ya hana ni sakat shi ne na bayansa. Kalma uku za ta wanke shi: ni na yi. Sau nawa aka yi ba'ar a gabana a mahauta da bakin tasha, ni kuwa in yi murmushi in wuce. Ina tsoron a ce ƙanin ne sakarai. Da aka buɗe ɗaukar ma'aikata a tashar jirgi na tafi abina. Shi kuma ya rufe rumfa, ya koma Gashuwa wajen dangin matarsa, ya ƙare rayuwarsa yana facin tayar keke, mutumin da yake gane ciwon rediyo daga jin ƙararsa kawai.

Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Da ciwonsa ya yi tsanani na je duba shi da niyyar in faɗa. Na zauna a gefen tabarma, na ce, "Yaya, akwai wata tsohuwar magana." Ya ce, "Ɗan uwa, fara ba ni ruwa." Na ba shi. Sai baƙi suka yi sallama, na ji daɗin shigowarsu, Allah ya gani. Na ce sai wani zuwan. Bayan kwana tara aka aiko ya rasu. Matarsa ta ce ya bar wasiyya a ba ni akwatin.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan, da faranti a kan rufi yana ɗebo wuta daga rana, da rediyo a cikin aljihun kowa. Na san zai tsaya a gaban teburin mai gyaran wayar nan har la'asar, yana tambaya, ba ya jin kunyar koyo wurin sa'an jikansa. Zai so akwatin da yake yanke wuta da kansa. Amma ina jin zai ce, to shi wanda ke gaban akwatin fa, wa yake yanke masa?

Bai bar gida ba, bai bar suna a sana'ar da ya fi kowa iyawa ba. Abin da ya bari shi ne akwatin katako da gara ta ci gefensa, da kuma abin da ya yi a gaban Alhaji Gambo, wanda ni kaɗai na san nauyinsa. Da na sani ƙeya ce. Alhaji ya rasu, direbobin sun rasu, ba sauran wanda zan je in wanke Yaya a wurinsa sai ku masu karanta wannan, da ba ku taɓa ganinsa ba. To ku shaida: akwatin Bukar bai taɓa cin rediyon kowa ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ya yi mini tambaya a rumfa, na ba shi amsar ƙarya, ga ta gaskiya ko da ta makara. Yaya, ba ta gida. Ban duba ba.