Kofin da Ya Sauka Daga Jere

Da aka zo rabon kayan kakata, wadda duk muke kira Inna, kowa ya yi wuf ya ɗauki mai amfani. Zannuwa suka tafi, tukwane suka tafi, ni aka bar ni da tangaran. Wai ni ce 'yar boko, ni na san yadda ake cin abinci a abin da ke fashewa. Na naɗe su cikin tsofaffin ɗankwalayenta na kawo gidana a Tudun Wada, ina kuka a hanya har mai keke ya riƙa ba ni haƙuri.

Kayan jerenta ne tun na aure a 'Yandoto, farare masu shuɗin fure a baki. Ado ne kawai, ba a ci a ciki. Muna yara, in ka kai hannu kusa, rankwashi za ka fara ji kafin faɗa.

Ni kuwa ba ni da kabad, ba ni kuma da haƙurinta, sai na sa su aiki. Babban farantin ya zama na dabino, mai murfin na gishiri, wani da ya tsage na dasa na'ana'a a ciki. Kofin mai ɗan ɓalli a hannu, da shi nake shan kunu. Daɗin haka nake ji, sai in ga kamar Inna na zaga gidan tana hararata.

Inna tana da aminiya a Tsafe, tare suka yi 'yanmatanci, Gwaggo muke ce mata. Idonta ya tafi, ga hawan jini, shi ya sa 'ya'yanta suka roƙe mu kada a faɗa mata rasuwar. Muka yarda, don ba ma son mu rasa su biyun a shekara guda.

Bayan babbar salla 'yarta ta kawo Gwaggo ganin likita Gusau, suka sauka a gidana. Na ja wa kowa kunne, har maigida. Ko hutawa ba ta yi ba ta ce, "Ina tsohuwar taku? Ba ta zowa ta gan ni?"

Na ce tana Bungudu wajen kawuna, ƙafa ke damunta. Ta yi tsaki ta ce dama can raguwa ce.

Na dama mata kunu, hannuna ya ɗauko kofin da ya saba ɗaukowa. Ta karɓa da hannu biyu, ba ta kai baki ba. Yatsunta suka bi bakin kofin a hankali, suka gangara, suka tsaya a kan ɓallin.

"Wanga ɓalli ni niy yi shi," in ji ta, "ranar da munka kai ta ɗaki. Ba ta bari a sha ko ruwa cikinai tana da rai. Ɗiyata, yaushe?"

Na durƙusa na faɗa mata. Na zaci za ta faɗi, 'yarta har ta taso za ta riƙe ta. Ita kuwa salati ta yi, ta yi wa Inna addu'a, muka amsa muna hawaye. Har na fara jin sanyi a raina, ina cewa ashe tsoron banza muka yi ta yi.

Sai ta ce, "Wa yay yi mata wanka?"

Na ce matan unguwa ne.

Nan fuskarta ta narke, ban taɓa jin zafin rasuwar ba irin na lokacin. Ta ce sun yi alkawari tun suna da ƙarfinsu, duk wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta wanke ta.

"Makanta ba ta hana hannu aiki. Da kun ɗauko ni kun kai ni, ni na san abin da take so. Yanzu ta tahi tana ganin na saɓa mata."