Faifan da Baba Ya Kulle a Sito

Shekara tara na yi ina koyar da Turanci a wata sakandare a Malumfashi kafin in koma aikin kwamfuta, kuma har yau idan ina son in gane halin wata na'ura, sai na mayar da ita aji. Kamfanin da ya ɗauke ni a Funtuwa na irin shuka ne, masara da dawa da waken suya. Ba mu da yawa, amma muna da tamu sabar imel, wata baƙar na'ura da ke zaune a ƙuryar ofishina tana shan sanyin da ba don ita ba da ba a kunna mini shi ba.

Sabar nan halin malamin kirki gare ta. Duk saƙon da ya shigo ko ya fita, sai ta fara rubuta shi a allo, daga baya ta kwafe shi cikin babban kundi. Allon nata wasu ƙananan fayiloli ne masu lamba a jere, masu sana'ar suna ce musu log. Ba ta goge allo sai an ɗauki kwafin ajiya na kundin gaba ɗaya an kai wani faifai na daban. Idan an ɗauka, ta share tsofaffin da kanta. Idan ba a ɗauka ba, ta ci gaba da rubutu, ta cika allo, ta hau bango, ta hau ƙofa, har wuri ya ƙare. Daga nan sai ta ajiye alli ta naɗe hannu.

Ta naɗe hannun ne wata Juma'a da safe, washegarin ruwan shuka na farko.

Wadda ta fara sanar da ni ita ce Malama, jami'armu ta gwajin iri. Damina uku ta yi tana zagaya gonakin manoma a Danja da Dandume da Tsiga, tana gwada wata masara mai jure wuta-wuta. A damina ta farko kwamfutarta ta faɗa rafi tare da ita da mai babur, to tun daga ranar ta daina yarda da duk abin da ake ɗauka a jaka. Kowane awo, kowane hoton gona, sai ta aika wa kanta ta imel ta goge na wayar. Akwatin saƙonta shi ne durowarta, shi ne ma'ajiyarta. Ranar nan kuwa ƙarfe huɗu na yamma ne wa'adin miƙa sakamakon ga kwamitin da ke duba sababbin iri a Zariya. Idan ya wuce, masarar za ta jira wata shekara.

"Malam, akwatina ya ƙi buɗuwa," in ji ta daga bakin ƙofa. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

Na duba. Faifan sabar ya cika maƙil, kundi ya rufe kansa. Log kuwa ga su nan dubbai, tun na wata huɗu da suka wuce, babu wanda aka share. Na leƙa bayan na'urar inda faifan ajiya yake zama. Igiyarsa na nan tana reto, shi babu shi.

Na yi mata bayanin allo da kundi. Ta saurara kamar ɗalibar da ta san darasin ba zai fito a jarrabawa ba.

"To ka goge su mana. Ni wayata in ta cika, hotunan biki nake fara sharewa."

"Na ƙarshen nan akwai abin da ba ta kai ga kwafewa ba, har da jadawalin da kika haɗa jiya da yamma. In na taɓa su, kundin na iya ƙin buɗuwa gaba ɗaya."

"Tsofaffin fa?"

"In kundin ya samu rauni wajen faɗuwa, da su za a sake gina shi."

"Wato dai shara ce, amma mai daraja."

"Kamar takardun gado," na ce.

Ban ɓoye wa kaina ba, hannuna ya je kan madannin gogewa ya dawo. Minti biyu aikin zai ɗauka, kuma mai yiwuwa ya yi. Sai dai aikin damina uku ba abin da ake jingina wa "mai yiwuwa" ba ne. Abin da ya kamata shi ne in kwafe kundin da log ɗin duka yadda suke a wani wuri, sannan in matsar da tsofaffin, sannan in tayar da ita. Faifai ɗaya ne a kamfanin da zai iya ɗaukar wannan kaya, shi ne wanda ya ɓace.

Ashe bai ɓace ba. Mai shara ce ta tuna mini cewa lokacin da na tafi hutu aka yi wa ofisoshi fenti, Baba sitokifa ya zagaya ya tattara duk abin da hannu zai iya ɗauka ya kai sito. Baba dattijo ne a cocinsu, mutumin Tsiga, ya fi shekara ashirin yana riƙe da makullin sito, ko igiyar ɗaure buhu ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. A ganinsa, abu mai daraja wurinsa bayan kwaɗo ne. Ya ɗauki hutun ranar ya tafi shuka, wayarsa a kashe, makullin a aljihunsa.

A nan ya kamata in faɗi nawa kason. Sabar ta yi ta aiko mini gargaɗi kullum cewa ba a ɗauki kwafi ba. Ni ne da hannuna na tsara cewa irin waɗannan saƙonni su riƙa wucewa wata jaka da na raɗa wa suna "Zan duba". Na taɓa zane yara a kan laifin da bai kai wannan ba.

Na hau babur na bi ta Bakori. Ƙasa ta jiƙa, ko'ina mutane ne a duƙe, gari kamar an kwashe shi an zuba a gona. Na sami Baba yana sara da sungumi, matarsa, wadda muke kira Mama, na biye da shi da ƙwaryar iri tana jefawa tana takewa.

"Baba, sannunku da aiki."

"A'a, Malamin kwamfuta! Yau na'urar ta sake ka ka ga rana? Ko gobara aka yi?"

"Wani baƙin akwati nake nema, kamar littafi, mai igiya."

"Yana kanta ta biyu, cikin leda. Na tarar da shi a ƙasa babu mai tsaronsa, masu fenti na shiga suna fita. Da ban ɗauke ba, da yanzu yana kasuwar 'yan waya."

"Aiki yake yi a wurin, Baba."

"Wane aiki? Na tsaya na dube shi, ko motsi ba ya yi."

Na gaya masa batun wa'adin Zariya, na roƙe shi aron makullin. Ya dube ni kamar na nemi aron haƙorinsa.

"Ko Manaja bai taɓa riƙe shi ba. Ni zan je in buɗe. Amma kunya huɗu ta rage, kuma laimar nan ba za ta jira Zariya ba."

Mama ta miƙo mini ƙwarya. Na naɗe ƙafar wando na bi bayansa. Ina jefa iri ina duba agogo, ita kuma tana bina tana tsince rabin abin da na zuba.

"Uku-uku, ɗana. Ba tuwo kake tuƙawa ba."

A kunyar nan na yi wani tunani da bai bar ni ba har yau. Ni da Baba aiki ɗaya muke yi, ajiya. Shi ya iya tsare abu har ya hana shi amfani, ni kuwa na bar shi yana amfani ban tsare shi ba. Kuma a wata huɗu babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa komai, alhali kullum muna gaisawa har da tambayar iyali.

Wajen sha biyu muka iso, Baba a bayana da taɓo har idon sawu. Ya buɗe sito, ya ciro faifan daga leda, ya sa na sa hannu. Na jona shi na fara kwafa. Na'urar ta ce sa'a biyu da wani abu. Malama ta zauna a kan benci ta ƙura wa layin da ke nuna tafiyar kwafar ido, kamar kallo zai ƙara masa sauri. Da lokacin masallaci ya yi, Baba ya jawo kujera ya zauna kusa da faifan.

"Je ka yi sallarka. Ba mai taɓa shi."

Na dawo na tarar an gama kwafa. Na duba alamar da sabar ke ajiyewa ta inda ta tsaya da kwafa, na matsar da log ɗin da suka girme ta, na bar sauran a inda suke. Sannan na ce wa sabar ta tashi. Ta shiga karanta abin da ya rage a allo tana shigarwa. Ban taɓa jin ƙarar fankar na'urar nan kamar a wannan lokacin ba. Can sai kundi ya buɗe.

Malama ta ja kujerata ba tare da neman izini ba. Ta gangara har damina ta farko, ta dawo sama. Jadawalin jiya na nan. Ta haɗa, ta karanta sau biyu, ta aika, saura minti ashirin huɗu ta cika. Sannan ta aika wa kanta kwafi. Ina tsaye na ga sabon log ya fito a ƙarshen layi.

Da yammar na ɗauki cikakken kwafin ajiya, tsofaffin da suka rage suka share kansu. Na rushe jakar "Zan duba". Ranar Litinin na kira mai walda ya ƙera ƙaramin keji, aka kafe shi a bango bayan sabar, da ƙofar da igiya za ta wuce. Faifan ya shiga, aka sa kwaɗo, makullin ya koma zoben Baba. Kullum da safe yakan leƙo ya girgiza kwaɗon, ya duba ko 'yar fitilar tana ƙyaftawa.

Kwamitin Zariya ya karɓi masarar. Da aka fara raba ta, Malama da kanta ta kai wa Baba nasa kason har Tsiga. Ni ma an gayyace ni shuka, amma Mama ta ce in tsaya a inuwa in riƙe musu ruwan sha.