Ranar da Na Bi Karen Ruwa

Ko zan manta haƙora nawa suka rage a bakina, ba zan manta ranar da na bi karen ruwa ba. Lokacin Nasara ba su daɗe da shiga Sakkwato ba. Ni saurayi ne, karatuna bai wuce ƙananan surori ba, sana'ata ɗana wa tsuntsaye tarko. Ina da wani kanari a keji, bakinsa ba ya hutawa, kamar na mai shi.

Wani Bature ya sa a nemo masa fatar karen ruwa. Na rataya kejina, na tafi wajen kawuna, masunci a Kwalkwalawa, don ya nuna mini inda suke.

Ya ce, "Kai ɗan nema, wanga ba tsuntsu ba ne. Kuma mu ba mu shiga gulbi in rana ta yi tsaka."

Na ce, "Kawu, wanda ya kama mai fiffike, ina batun mai jiƙaƙƙen gashin baki?"

Ina ganin ya kishingiɗa na sulale. Na maƙale kejin a reshe. Gulbin ya yi tsit, ko kwaɗo ba ya motsi, kanarin ma ya yi gum. Sai ga ɗan kai ya ɓullo, sumul, ya zuba mini ido kamar ya san ubana. Na shiga ruwa. Ya nutse, ya fito gaba kaɗan. In na tsaya ya tsaya, in na taka ya matsa. Wallahi ban ji sanyin ruwa ba, ban ji tsoro ba, idanun nan kawai nake gani.

Kwatsam kanarin ya tsala wani kuka da ban taɓa ji ba. Na waiga. Gaɓa ta yi nisa, ruwa ya kai mini haɓa, yashi yana zamewa ƙarƙashin ƙafata. Na kurma ihu, na sha ruwa. Da gorar tuƙi Kawu ya jawo ni cikin jirgi.

Ina amai yana faɗa: "Tsuntsunka gida ɗaya gare shi, shi ya sa shika waƙa kowa ya ji. Wancan gida biyu gare shi, kuma ba ya faɗin wa ya aiko shi."

Tun ranar na gane, duk wanda ke ja da baya yana kallonka, ba gudunka yake ba. Jan ka yake.